Shaidu uku a jikin tsohon keke

 

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a garuruwanmu. Malamin makaranta da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda a da suke ganin hawan keke koma baya ne, yanzu su ne ke zagaya rumfunan 'yan gwanjo. Galibin abin da suke samu shi ne irin keken nan mai giya, mai kaurin taya da miƙaƙƙen kai, wanda aka ƙera domin hawan tsauni, aka more shi a Turai ko Amurka ko Japan, sannan aka loda shi a kwantena aka turo mana.

Makonni kaɗan da suka wuce ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'a, ya turo irin wannan keke har ƙofar gidana. Kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya zuba a kansa. Ya ce, “Kawu, mai shagon ya rantse mini bai wuce shekara biyar ba, kuma ƙirar Amurka ne.” Sai dai abu biyu sun dame shi. Ya sayo sabuwar taya mai lamba 26 kamar yadda aka gaya masa, ta ƙi zama a kan wili. Sirdin kuma kullum sai ya zame ƙasa, komai ɗaurin da aka yi masa. Na ce ya kifa keken, ya kawo tsumma da ɗan kananzir da fitilar wayarsa. Gani ya kori ji.

Kafin mu kai ga abin da muka gani, ya kamata a san asalin wannan keke, domin da tarihinsa ake gane shekarunsa. A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na Jihar Kalifoniya suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekunan Schwinn. A 1976 suka fara wata tsere da suka kira Repack, saboda zafin gangaren yana ƙone girishin birki, dole a sake cusa wani bayan kowace sauka. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keken da aka yi musamman domin wannan aiki, wanda yanzu yake ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da waɗanda Tom Ritchey ke ƙera musu. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a kan dala 750. Kamfanin na Kalifoniya ne, amma a Japan aka ƙera keken. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985 darajar kuɗin Japan ta yi tashin gwauron zabi, aikin ƙira ya yi tsada a can, sai yawancinsa ya koma Taiwan. Ke nan tun farkon lamarin, sunan Amurka a jikin keke ba ya nuna cewa a Amurka aka yi waldarsa.

Shaidar farko da muka nema ita ce ta gangar jiki. Sitikar da ke ɗauke da sunan wani babban kamfani a kan sabon fenti aka manna ta, farce ma yana ɗaga gefenta, don haka muka ajiye ta gefe. A ƙasan keken, daidai inda sandar feda ke ratsawa, akwai lambar da masana'anta ke bugawa a cikin ƙarfe. Kowace masana'anta da tsarinta, wasu suna ɓoye shekara da wata a cikin lambar, wasu kuwa jere ne kawai. Duk da haka na sa yaron ya rubuta ta ya adana, domin ita ce hujjarsa ranar da aka sace keken, Allah Ya kiyaye. Kusa da ita muka kankare datti, sai ga ragowar wata tsohuwar takarda da fenti bai rufe ba, mai cewa a Taiwan aka yi shi. Muka ɗora mayen ƙarfe ya kama, alamar ba alminiyam ba ne. Siraran bututun da rashin nauyin keken suka nuna mini ƙarfen nan ne mai gaurayen kuromiyam da molibdinam, wanda aka fi sani da lamba 4130.

Shaida ta biyu ita ce ta kayan da aka ɗaura masa, kuma ta fi kowace iya faɗin lokaci. Kamfanin Shimano yana buga ƙananan haruffa biyu a jikin kayansa. Na farko shekara yake nunawa: A ita ce 1976, K 1986, P 1991, Z 2001, sannan aka sake komawa A a 2002. Na biyu wata ne, daga A ta Janairu zuwa L ta Disamba. A bayan abin da ke sauya wa sarƙa giya muka ga PF, wato Yunin 1991, tare da lambar samfuri RD-M550, ta jerin Deore LX. A bayan hannun feda muka ga PG, wato Yuli na wannan shekara. Da yake haruffan suna zagayowa bayan shekara 26, P tana iya zama 2017, sai dai an daina yin wannan samfuri tun a shekarun 1990. Kuma tunda akan ƙera kaya watanni kafin a harhaɗa keke, mai yiwuwa ne ya bar masana'anta a ƙarshen 1991 ko a 1992.

Shaida ta uku ita ce ta fasali, domin kowane zamani da yayinsa. Birkin keken irin mai gajerun hannuwa biyu ne da waya ta haɗa su ta sama kamar jinkar ɗaki. Da mai dogayen hannuwa ne a tsaye, wanda ake kira V, da na ce bai riga 1996 ba, ko kuma sauya masa aka yi. Da birkin baya yana maƙale a ƙarƙashi kusa da feda, da na kai shi wajen 1987 ko 1988, lokacin da aka yi wannan yayi aka watsar saboda taɓo na cushe shi. Faranti bakwai masu haƙora ne a wilin baya. Gabansa babu shokozoba, wadda a farkon shekarun 1990 sai kekuna masu tsada ke da ita. Wuyansa kuma mai zare ne da babban noti, tsarin da ya fara ja baya a tsakiyar shekarun.

Dalilin neman shaidu uku shi ne, ana sauya wa keke kaya kamar yadda mutum ke sauya riga. Harafi ɗaya a jikin feda ba ya yanke hukunci. Amma idan gangar jiki da kaya da fasali suka yi baki ɗaya, magana ta ƙare. Na ce wa yaron, “Wannan keke ya girme ka da fiye da shekara 10.” Nan take fuskarsa ta sauya, ya ce zai mayar. Na hana shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Keken da aka yi da irin wannan ƙarfe, muddin tsatsa ba ta cinye shi ta ciki ba, ya fi yawancin sababbin araha ƙarko, kuma mai walda na iya ɗinke shi idan ya tsage. Abin da aka cuce shi da shi ƙarya ce, kuma ƙaryar ce ta hana shi sanin kayan da zai nema.

Ga misalin taya. Lamba 26 suna ne da tayoyi daban-daban suke amsawa. Ta keken tsauni faɗin bakinta milimita 559 ne, ta tsohon keken Ingila mai 26 x 1 3/8 kuwa 590 ne, ita ya sayo. Ta Raleigh irin na iyayenmu, mai lamba 28, milimita 635 ce. Wannan lamba tana rubuce a gefen kowace taya ta kirki, misali 50-559, kuma ita ya kamata a faɗa wa mai shago. Sirdin kuwa da muka zare sandarsa sai muka tarar ta yi wa ramin siranta, an naɗe ta da yankin gwangwani. Waɗannan sanduna suna zuwa da kauri iri-iri, kamar 26.8 da 27.2, kuma bambancin da bai kai rabin milimita ba ya isa ya sa a yi ta matse bakin bututu har ya tsage. Yaron da ke ratsa tsakanin tireloli da Keke Napep safe da yamma, ba ƙaramin haɗari ba ne sirdi ya karye a ƙarƙashinsa. Muka kai wa wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, ya auna ramin, ya duba kowace walda, ya ce, “Malam, wannan zai kai jikanka makaranta.”

Ban ce duk 'yan gwanjo maƙaryata ba ne. Da yawansu a dunƙule suke sayen kaya, su ma abin da aka faɗa musu suke maimaitawa. Amma wanda bai sani ba, ya ce bai sani ba, kada ya haɗa da rantsuwa. Mu kuma masu saye, musamman ɗalibai da ake koya wa bin diddigin hujja a aji, abin kunya ne mu bar wannan tarbiyya a ƙofar makaranta. Wanda zai je sayen keke ya tafi da tsumma da mayen ƙarfe, ya kifa shi a gaban mai shago, ya duba lamba da haruffa da bakin walda kafin a fara ciniki. Minti 10 sun isa.

Ɗan ƙanwata dai ya ɓare sitikar nan da hannunsa. Yanzu keken ba shi da suna, amma ya san shekararsa da ƙasarsa da lambar tayarsa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.