Gajeriyar bindiga da dogon lissafi

A 1978 sojan Faransa ya karɓi bindigar FAMAS, wadda mutanen Yamai suka sha gani a hannun sojojin ƙasar kafin ficewarsu a Disamba 2023. Ƙirarta daban ce: an mai da gidan harsashi bayan kunama, cikin gindin da ake dangana wa kafaɗa. Otiriya ta bi wannan hanya da Steyr AUG, Ingila da SA80 a 1985, Sin kuwa da QBZ-95 a 1997.

Amfanin ƙirar a fili yake. AUG da M16A2 ta Amurka tsawon bututunsu ɗaya ne, santimita 51, amma ta farkon dukanta santimita 79 ce, ta biyun kuwa mita guda. Ke nan harsashi ya fita da ƙarfinsa, bindigar kuma ta yi sauƙin juyawa cikin motar sulke ko lungun gari. Nauyinta ma yana kusa da jiki, hannu ba ya saurin gajiya.

To amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kwanson harsashi yana fita ne dab da kunci, har bahago ba ya iya harba SA80 da kafaɗar hagu. Sandar da ta haɗa kunama da injin da ke baya tana sa kunamar tauri. Sauya gidan harsashi daga ƙarƙashin hammata yana cin lokaci, musamman ga wanda ke kwance. Gindin kuma ba ya ƙaruwa ko raguwa, alhali sojan yau yana sanye da rigar sulke.

Mu a ganinmu, babban darasin yana wani wuri. Masana'antar Saint-Étienne da ke ƙera FAMAS ta rufe a 2001, bindigar ta tsufa ba magaji. A 2016 Faransa ta zaɓi HK416 ta Jamus, mai ƙirar da aka saba. Ingila ma, bayan SA80 ta yi ta cijewa cikin yashi a yaƙin Tekun Fasha na 1991, sai da ta kai ta wurin kamfanin Heckler & Koch aka gyara. Sin ta fito da QBZ-191 a 2019, gidan harsashi ya dawo gaba.

Masu kare ƙirar za su ce Ostareliya da Otiriya ba su rabu da ita ba. Gaskiya ne, amma su suna da masana'antarta a gida.

Ɗan kasuwan da ya taɓa sayen babbar mota marar kayan gyara ya san zancen. Duk ƙasar da ba ta ƙera makami, kafin a taɓa baitulmali, sai ta tambaya: wa zai kawo harsashi da kayan gyara nan da shekara 30, kuma a kan nawa? Santimita 21 riba ce ta gaskiya, amma ba ta kai a jinginar mata da ran soja da kuɗin talaka ba.