Kafin ka bar wa manhaja jinyar Baba, zare mata intanet ka gani

Masu tallar "gida mai wayo" sun fito da sabon zance: wai ka sa na'urori a ɗakin tsohonka, manhaja ta kula maka da shi, kai kuma ka je harkarka hankali kwance. To ni dai a matsayina na mai gyaran waya ina ce maka kar ka yarda da maganar nan haka kawai.

Ga yadda abin yake aiki. Ana manna ƙananan sensa a ƙofa, gefen gado da banɗaki. Manhajar tana bin motsin tsohon har ta haddace al'adarsa: yana tashi da asuba, yana zagayawa sau biyu da dare. Ran da ƙarfe takwas ta yi bai motsa ba, sai ta turo maka saƙo. Fasaha ce mai kyau, ba musu. Matsalar ita ce a yawancinsu ƙwaƙwalwar ba a gidan take ba, tana can a sabar kamfani. Da intanet ta yanke, ƙarfe da roba kawai suka rage a bango.

Ba zato nake faɗa maka ba. Ran 7 ga Disamba 2021 sabar Amazon ta samu matsala a Amurka, kyamarorin Ring da Alexa suka daina amsa wa mutane na tsawon sa'o'i. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe sabarsa ba sanarwa, masu na'urorinsa suka wayi gari manhajar ba ta aiki. Ita kanta Amazon ta fito da Alexa Together a 2021 musamman don kula da tsofaffi, dala 19.99 duk wata, sannan daga baya ta rufe shi. A ƙasar da ba a cika ɗauke wuta ba ke nan fa. Ina ga nan da wuta ke zuwa ta tafi, sabis ya yi sama ya yi ƙasa, data ta ƙare tsakar dare?

Sai abu na biyu da masu talla ba sa taɓa faɗa. Manhajar da ke daidaita kanta da halin mutum tana iya sabawa har da ciwonsa. In Baba yana rage tafiya kaɗan-kaɗan cikin wata uku, in ba a tsara ta da kyau ba sai ta ɗauka sabuwar al'adarsa ce, ta yi shiru. Jikarsa 'yar shekara goma kallo ɗaya za ta yi masa ta ce Baba ya rame.

Wani zai ce, ai ko ba komai ta fi babu. Gaskiya ne, matuƙar ba ta sa ka rage leƙawa ba. Haɗarin shi ne shirun wayarka: za ka fassara shi da lafiya lau, alhali wataƙila batir ne ya mutu.

In har za ka saya, yi gwajin nan tun a gaban mai sayarwa:

1. Kashe Wi-Fi, ka danna maɓallin neman taimako. Ƙararrawa ta yi kuka a cikin gidan?
2. Zare ta daga wuta. Awa nawa batirinta ke ɗauka?
3. Idan ita kanta ta mutu, tana sanar da wayarka cewa ta daina gani?
4. Akwai layin waya a cikinta da zai kira ko ya tura saƙo ba tare da data ba?
5. Hotuna da muryar da take ɗauka a ɗakin, wa ke iya buɗe su? Kuma shi tsohon an tambaye shi ya amince?

Wadda ta faɗi gwaji na ɗaya da na uku, bar masa kayansa. Wadda ta ci kuwa, saya, amma ka sa lambar maƙwabci ko ɗan'uwan da zai iya isa ɗakin cikin minti biyar, don manhaja ba ta ɗaga wanda ya faɗi.