Kafin ka ce an cuce ka a Alaba, leƙa bayan talabijin ɗinka

Daga nan Agege.

Akwai wata ɗabi'a a tsakanin mutanenmu na Zango da kewaye wadda ni dai ba ta yi mini ba. Mutum zai sayo na'urar DVD, ya jona ta da talabijin, hoto ya fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima daga sama zuwa ƙasa, nan take ya yanke hukunci cewa jabu aka ba shi. Washegari ya kama hanyar Alaba, can Ojo, ya ƙona kuɗin mota da yini guda a cikin cunkoso, don kawai ya je ya yi cacar baki da mai shago. Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, na san zafin a kira mutum macuci a gaban kayansa alhali bai ci hakkin kowa ba. A ganina, sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana wajen jonawa, ko saiti, ko shi kansa faifan.

Mu fara da wayar nan mai kai uku. Mai launin rawaya ita ke ɗaukar hoto, ja da fara kuma sauti. To amma a bayan na'urar akwai wasu ramuka uku, kore da shuɗi da ja, an rubuta musu Y, Pb, Pr, waɗanda su ma na hoto ne. Ka ga ja ya zama biyu ke nan, ga mutum yana laluben rami a ɗaki mai duhu. Idan wayar rawaya ta faɗa koren rami, hoto zai fito tsaf amma babu kala, domin haske da duhu kaɗai wannan ramin ke bayarwa. Masu tsohuwar talabijin tokumbo ta Turai kuma, wadda ke da faffaɗan soket ɗin SCART mai ƙafa 21, su duba ɗan makunnin da ke jikin mahaɗin. Idan yana kan OUT maimakon IN, ko kwana aka yi ana jira ba abin da zai fito.

Sai maganar PAL da NTSC, wadda ita ta fi haddasa rigima. Najeriya tsarin PAL ta bi, kamar Ingila da Jamus: layuka 625, hotuna 25 a daƙiƙa. Amurka da Japan kuwa NTSC suka bi, layuka 525, hotuna kusan 30. Idan na'ura tana aika NTSC ga talabijin da PAL kawai ta sani, sai kala ta ɓace ko hoton ya kama birgima. Rimot da yawa na na'urorin ƙasar Sin suna da maɓalli mai rubutun N/P, kuma wallahi yaro ɗan shekara uku ya isa ya danna shi yana wasa. Ka sake dannawa, ko ka shiga saiti ka mayar da shi PAL. Aikin minti ɗaya ne, amma na ga an ɗauki na'ura a kan okada an kai wa mai gyara saboda shi.

Inda nake son mai karatu ya tsaya ya natsu shi ne batun faifai. Yawancin tsofaffin finafinan Hausa da 'yan kasuwarmu ke saro mana daga Ƙofar Wambai a Kano, bayan zamanin kaset ya wuce, a kan VCD suke, ba DVD ba. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD 720 da 576, wato ya ninka shi sau huɗu. Talabijin ɗin bango mai 1920 da 1080 kuwa ta ninka VCD kusan sau ashirin. Kamar ka ɗauki hoton fasfo ne ka ce a buɗa maka shi ya cika bangon shago. Shi ya sa fim ɗin da ya yi kyau a tsohuwar talabijin mai ƙusumbi yake fitowa dishi-dishi a sabuwa, maigida ya yi ta faɗa wai ya kashe kuɗi hoto ya ƙara lalacewa. Haka faifan nan masu fim goma ko ashirin a ciki. Faifai mai cin gigabait 4.7 an yi shi ne don fim na kamar awa biyu, to in aka cusa masa goma, daga ina kyan hoto zai fito? A nan ne ma nake da ƙorafi a kan masu shago: wanda ya ce ka sayi waya mai kan zinare ko HDMI mai tsada za ta gyara wannan, kuɗinka kawai yake so. Waya ba ta ƙara abin da babu shi a faifai.

Na san wani zai ce, wa ke ta DVD a yau, ga YouTube a wayar kowa? Gaskiya ne, in dai fim ne. Amma bikin iyayenka ba ya YouTube. Haka sunan ƙaninka, da walimar saukar yayarka, da muryar kakar da ta rasu a Katsina ko Maraɗi. Mu da aka haifa a Ikko, da yawanmu a faifan nan muka fara sanin fuskokin dangi na gida. Kuma faifan da mai bidiyo ya ɗora wa biki a kwamfuta ba shi da ƙarkon wanda kamfani ya buga, zafi da laimar Legas suna cin sa a hankali cikin durowa. Ga shi yawancin kwamfutocin cinya na yanzu ba su zuwa da wurin saka faifai. Duk na'urar da aka miƙa wa 'yan bola jari saboda wani maɓalli da yaro ya danna, an rage hanyar kallon waɗannan ke nan.

Idan faifai yana tsayawa, a goge shi da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi shi zagaye. Wanda yake karantuwa har yanzu a kwafe shi tun da wuri. Ikeja ba nisa daga nan, a Computer Village ana samun na'urar karanta faifai mai jonawa ta USB. A VCD, bidiyon yana cikin jakar da aka rubuta wa MPEGAV, a DVD kuma VIDEO_TS. A kwashe su gaba ɗaya a zuba a filashi biyu, ɗaya ya zauna a nan, ɗaya a ba mai tafiya gida ya kai wa dangi.