Alu Gobi a Murhun Gazara

Shekara da shekaru muna kallon finafinan Indiya, amma ba mu taɓa leƙa tukunyarsu ba. Alu gobi, girkin mutanen Punjab, ba shi da wata wahala: dankalin turawa ne da farin kabeji. A soya albasa da citta da tafarnuwa, a barbaɗa kurkum, a zuba dankalin da kabejin, a rufe tukunya ya turara da ruwa kaɗan. Tumatir kuwa, wa zai yi wa ɗan Gazara, maƙwabcin Ikara garin tumatir, gori? Farin kabejin ne matsala, daga Jos ake kawo shi, sai an dangana da Zariya, ga tsada. Ni dai kabejin lambu nake sawa a yanka, Indiyawan ma suna yin hakan. Uwargida ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta jefa attarugu biyu.