Carbin Maƙwabciyarmu A Kasuwar Sandaga

Duk wanda ke sammakon zuwa Kasuwar Sandaga kafin a gama sauke albasar Marwa da tumatirin Yammacin Kamaru, ba zai rasa ganin wata mata zaune bakin kayanta tana jan carbi mai ɗan gicciye ba. Da yawa daga cikinmu Hausawan New Bell mun shekara muna ciniki da irin waɗannan mata, amma ba mu taɓa tambayar abin da suke karantawa ba. Kwanakin baya wani matashi ya bugo waya cikin shirinmu na rediyo yana cewa tsafin jawo kasuwa ne, har yana ba da shawarar a daina sayen kayansu. Wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Abin da ke hannunta shi ne mabiya ɗariƙar Katolika ke kira Rosari, masu Faransanci kuma su ce chapelet. Ƙwayoyinsa 59 ne, an raba mafi yawansu gida biyar, goma-goma. A kowane gida akan yi addu'ar Ubanmu sau ɗaya da gaisuwar Maryamu sau goma, alhali zuciya tana tunani a kan wani al'amari guda daga rayuwar Annabi Isa da mahaifiyarsa. Waɗannan al'amura su ake kira asirai, kuma muna ganin daga nan ruɗanin yakan taso, domin Bahaushe in ya ji asiri sai ransa ya tafi wajen boka. Ma'anarsa a wajensu ita ce abu mai zurfi da hankali ba ya iya ƙurewa.

Ƙarni da dama asiran 15 ne: na farin ciki, na baƙin ciki da na ɗaukaka. A watan Oktoba na 2002 Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya ziyarci Duwala a 1985, ya ƙara biyar da ake kira asiran haske, suka zama 20. Talata da Juma'a na baƙin ciki ne, Alhamis na haske. Watan Oktoba kacokan na Rosari ne, shi ya sa akan ga jama'a sun ƙaru da yamma a majami'ar Notre-Dame des Victoires da ke nan New Bell.

Ba za mu ɓoye bambanci ba. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, ba ya kuma kiran Nana Maryamu uwar Allah. Hasali ma bikin Rosari na 7 ga Oktoba ya samo asali ne daga yaƙin Lepanto na 1571 tsakanin rundunar Kiristocin Turai da Daular Usmaniyya. To amma wa ya ce sai aƙida ta zo ɗaya kafin a mutunta maƙwabci? Maryamun da take ambata ita ce Alƙur'ani ya sa wa sura ta 19 sunanta. Marigayi Kadinal Christian Tumi, wanda ya shugabanci Katolikan Duwala daga 1991 zuwa 2009, da limaman Musulmi ya haɗa kai a 2018 wajen neman taron sulhu kan rikicin yankin masu Ingilishi.

Mu tuna kuma, matar nan ita ce sau da yawa ke kula mana da buhunan albasa idan mun tafi Juma'a. Idan yaranmu suka saba kiranta matsafiya, gobe wani zai kira tasbahar kakanninmu laya, kasuwar da ke ciyar da mu duka kuwa ita za ta ji jiki.

Roƙonmu ga malamai da iyaye shi ne a tsawata wa masu irin wannan magana. Wanda ya tarar da ita tana jan carbi ya ɗan dakata ta kai ƙarshen gomanta, kamar yadda take jiran mu sallame. Mu kanmu sai mu duba tasbahar da muke ja muna lissafin cefa a zuci.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu Kamaru lafiya, amin.