Wayar Da Ke Aljihunka Da Uwar Yaro Mai Lalura: Darasin Da Na Koya A Gafasa

Wata biyu cur na ɓata ina rubuta manhajar da babu wanda ya taɓa amfani da ita. Da wannan zan fara, don kada wani ya ɗauka na fi shi sani ne.

Yayata da ke aure a nan Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, tana da yaro ɗan shekara bakwai mai farfaɗiya, kuma har yau kalmomin da yake iya furtawa ba su taka kara sun karya ba. Ni kuma da na koyi haɗa manhaja a YouTube da datar dare, sai na ga ai dama ta samu in nuna amfanin abin da na koya. Na haɗa mata manhaja mai rajista da imel, mai jadawalin shan magani, har da zanen da ke nuna sau nawa ciwon ya tashi a wata. Ranar da na kai mata, ta jujjuya wayata, ta dube ni ta ce: "Sannu da ƙoƙari, Auta. To amma ni a wace wayar zan sa wannan?" Wayarta ƙarama ce mai tocila. Karatunta na allo ne, ba na boko ba. Imel kuwa ko sunansa ba ta taɓa ji ba.

Tun daga ranar ra'ayina ya sauya. Abubuwan da ke rage wa iyayen yara masu buƙata ta musamman wahala ƙanana ne, yawancinsu kamfani ya riga ya zuba su a cikin wayoyinmu, sauran kuma suna nan a kasuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna ya saita musu. Mu matasa da ke riƙe da manyan wayoyi a gidajenmu, mu ne wannan mutumin, amma galibinmu ba mu ankara ba.

Kada ka ce abin bai shafe ka ba. Rahoton UNICEF na 2021 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da wata nakasa a duniya, wato ɗaya cikin kowane goma. Ƙirga gidajen layinku. Akwai irin wannan yaron, sai dai sau da yawa yana cikin ɗaki, ba a fitowa da shi.

Ƙararrawar waya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon aka kuma bi magani yadda ya kamata. Matsalar ita ce maganin ba ya son tsallake. Uwar da ke fama da daka, da girki, da goyo, da yara huɗu, dole wata rana ta manta.

Abin da manhajata ta kasa yi, ƙararrawar ƙaramar wayar Yaya ta yi shi. Na saita mata biyu, ta safe da ta dare, daidai lokutan da likita ya faɗa. Na sayo ɗan akwatin roba mai gida bakwai da ake zuba ƙwayoyin mako, don a gane da ido ko an sha na yau. A tawa wayar kuma na sa tunatarwa mako guda kafin magani ya ƙare, domin yanke irin wannan magani farat ɗaya yana iya tayar da ciwon fiye da da. Minti biyar ya ɗauke ni, kuma ko sisi ban kashe a data ba.

Kyamara ta fi baki iya bayani

Ka yi tunanin tafiyar. Uwa ta baro Gafasa da asuba, ta biyo ta Gaya da Wudil zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ta bi layi, sannan ta samu 'yan mintuna a gaban likita. Ya tambaye ta yadda ciwon ke tashi: duk jikin ne ke karkarwa ko gefe ɗaya, idanu ina suke kallo, minti nawa yake ɗauka. A lokacin da ɗanka ke shure-shure a ƙasa, wa ke da hankalin duba agogo?

Bidiyon minti ɗaya yana amsa duk waɗannan tambayoyi, kuma nau'in faɗuwar na cikin abin da likita ke dubawa kafin ya zaɓi magani. Sai dai ceto yana gaba da ɗauka. A janye yaron daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko wani abu a baki. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, don haka babu dalilin gudu. Idan akwai mutum na biyu, shi ne zai ɗauki bidiyo, agogon bidiyon kuma ya nuna tsawon lokacin. In ya wuce minti 5, sai asibiti mafi kusa ba tare da jira ba.

Haka abin yake ga yaron da lalurar ƙwaƙwalwa ta hana shi riƙe wuya ko zama, wanda ake kai wa gashin ƙashi. Ka nemi izinin ma'aikacin ka ɗauki yadda yake motsa hannu da ƙafar yaron, a riƙa kallo a gida ana maimaitawa kullum. Sannan ka ɗauki hoton katin asibiti da takardar magani da sakamakon gwaji, ka tara su wuri guda. Takarda tana jiƙewa a damina, gara ma tana cin ta.

Hoto a madadin magana

Yaron da ba ya magana ba wai ba shi da abin faɗa ba ne. Yawancin kuka da jifa da kaya da ake ɗauka rashin ji ne, takaicin rashin fahimta ne. Tun 1985 wasu masana a Amurka suka fito da tsarin PECS, inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so. Yau akwai manhajoji kyauta irin su Cboard da ke yin wannan a waya. Na gwada su, amma hotunan nasu na wata duniya ce: bahon wanka na Turawa, da kofin da yaron bai taɓa gani ba.

Sai muka ɗauki namu. Kofinsa na roba, butar gidan, tabarmarsa, kwanon fura, ƙofar banɗaki, da fuskar Inna. Muka fara da hoto shida, muka buga su a shagon kwamfuta aka sa musu leda, domin wayata ba kullum take gidan ba. Makonni aka yi kamar ba ya ganewa. Ranar da ya ɗauko hoton buta ya miƙa wa uwarsa maimakon ya ɓata wandonsa, Yaya ta kira ni tana kuka.

Idan za ka ba yaro wayar a hannunsa, shiga saitin tsaro na Android ka kunna App pinning, wanda ke kulle wayar a kan manhaja ɗaya ta yadda ba zai fita ya goge maka kaya ba. A iPhone sunansa Guided Access. Amma kada waya ta zama mai raino. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce 'yan ƙasa da shekara 2 kada a bar su da kallon allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Ga kurame kuma, muna da namu harshen, maganar hannu, wanda mai bincike Constanze Schmaling ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000 bayan ta zauna da kuramen Kano. Yaron da aka kai makarantar Tudun Maliki zai iya hira da gida ta kiran bidiyo, abin da kiran murya bai taɓa ba shi ba. A watan Oktoban 2024 kuma Google ya sa Hausa cikin harsunan da za ka yi magana Gboard ya mayar da ita rubutu. Yana kuskure, amma uban da bai iya rubutu ba zai iya magana ɗansa kurma mai karatu ya karanta.

Tafiyar da waya ke ragewa

Uwar irin wannan yaro ba ta iya barinsa da kowa, don haka duk fitar da aka rage mata hutu ne. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa kowa taransifa, har masu ƙananan wayoyi da ke amfani da lambobin banki. Yanzu ɗan'uwa da ke neman kuɗi a Legas zai iya biyan kantin magani mai rajista a Kano kai tsaye, a ba direban da aka amince da shi a tasha ya kawo.

Ka kuma nemi lambar wani a sashen da ake ganin yaron. Akwai ranar da Yaya ta yi doguwar tafiya zuwa wani asibiti da yaron a baya, ta tarar an ɗage ranar ganin likita, ba wanda ya sanar da ita. Kuɗin mota ya tafi, yaron ya galabaita. Kiran minti ɗaya da ya hana hakan.

Kayan da ba na waya ba

Fitilar sola, domin ciwo ba ya jiran gari ya waye. Fanka mai caji a bazara, domin rashin barci na cikin abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Ma'aunin zafin jiki mai batir, domin zazzaɓi ma yana tayar da ita. Ledar katifa da ke rage wanki. Ɗan kati mai lambar wayar uba a aljihun yaron da ke yawan ficewa daga gida.

Akwai littafin David Werner na 1987, Disabled Village Children, wanda ake samu kyauta a intanet, cike da zanen kujeru da sandunan koyon tafiya da za a iya yi da katako. Sauke shi, ka nuna wa mai gashin ƙashi ya zaɓi wanda ya dace da yaron, ka kai wa kafintan garinku hoton. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera kekunan guragu da hannunta.

Ga masu cewa aikin gwamnati ne

Gaskiyarku. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, an kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Haƙƙinmu ne mu tambayi me ya iso ƙauyukan Ajingi da Gaya daga cikin alkawuran dokar, mu kuma nemi a kawo ƙwararru kusa, yadda uwa ba sai ta je birni ba. Ƙararrawa ba ta maye gurbin likita. Amma maganin daren yau ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Wayar kuma tana da nata sharrin. Na farko, bidiyon da ka ɗauka na likita ne, ba na TikTok ba. Yaron nan zai girma, intanet kuwa ba ta mantuwa. Ko neman taimako za a yi, ana iya yi ba tare da an nuna fuskarsa cikin mawuyacin hali ba. Na biyu, masu tallar maganin "warkewa gaba ɗaya cikin kwana bakwai" sun cika Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma uwar da ta gaji ita ce kasuwarsu. Addu'a da magani ba sa karo da juna, amma duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti a sha nasa, ka toshe lambarsa.

Ga 'yan'uwana masu haɗa manhaja

Kada ku maimaita kuskurena. In za ku gina wani abu don irin Yaya, ya yi aiki ba data, ya yi magana da muryar Hausa maimakon dogon rubutu, ya zama mara nauyi da tsohuwar itel ko Tecno za ta ɗauka, in da hali ya isa ga ƙaramar waya ta saƙon tes ko kira. Kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka zauna a tsakar gidan ka wuni, ka ga inda wahalar take. Ni na ɗauka zane-zanen ƙididdiga take buƙata, ashe babbar damuwarta ita ce ta samu ta yi wanka ba tare da fargabar ya faɗa murhu ba.

Ga sauran masu karatu, aikin bai kai haka ba. A wannan makon, ka je gidan da ka san akwai irin wannan yaro, ka gaishe su, ka tambayi uwar abin da ya fi ba ta wahala a yini, ka saurara har ta gama. Wataƙila amsar tana cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita.

Manhajata tana nan a kwamfuta, ban goge ta ba. Ƙararrawar Yaya kuwa tana bugawa safe da dare, kuma yanzu da zarar ta buga, yaron da kansa yake zuwa ya ɗauko kofinsa. In na zo gidan yakan ja ni zuwa wajen hotunansa ya ce "Kawu," ya nuna kwanon fura.