Tsohuwar bindigar yaƙin Burma: gidan tarihi ne wurinta, ba ƙarƙashin gadon kowa ba

Jama'a, akwai wata sha'awa da ta yi ƙarfi a Amurka da Kanada da Ostareliya, bidiyonta kuma ya fara yawo a wayoyin yaranmu. Mutum zai sayi tsohuwar bindigar soja ta zamanin Yaƙin Duniya, wadda tsatsa ta ci ko aka yanke mata katako, ya shafe shekara ɗaya ko biyu yana farautar sassanta ɗaya bayan ɗaya, har ya mayar da ita kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Na ga wasu a nan suna yabawa, har da masu cewa ai mu ma muna da maƙera, me zai hana. To ni ma abin yana burge ni. Sai dai ina so mu duba shi da kyau kafin wani yaro ya jefa kansa a rami.

Bindigar da suka fi yi wa wannan hidima ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi goma, wadda girman harsashinta ake kira .303. Sojan Ingila ya fara riƙe ta a 1895, an kuma ƙera sama da miliyan 16 a tsawon rayuwarta. Samfurin da ake kira No. 4 shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna 'yan sandanmu na da suna rataye da ita a kafaɗa, doguwa mai jikin katako, ana ce mata Mark 4. An ƙera danginta a wurare da dama: Fazakerley da Maltby a Ingila, Long Branch a Kanada, kamfanin Savage a Amurka, Lithgow a Ostareliya, Ishapore a Indiya. Kowace masana'anta da tambarinta a jikin ƙarfen. Da yaƙi ya ƙare aka riƙa sayar da rarar a kan kuɗi kaɗan, mafarauta suka saya, suka yanke katakon gaba don ta rage nauyi, suka watsar da sauran ƙarafan. Jikokinsu ne yanzu suke bin kasuwannin tsofaffin kaya suna neman abin da kakanni suka zubar.

Idan ka kalli yadda masu wannan sha'awa suke aiki, za ka ga harbi shi ne ƙaramin ɓangare. Yawancin lokacinsu a karatu yake tafiya. Mutum zai sa tabarau yana duba lambar da aka buga a jikin bindiga, ya gano masana'anta da shekara, ya duba ko lambar wannan sashe ta yi daidai da ta wancan. Idan lambobin sun zo ɗaya, darajarta ta ɗaga. Idan ka ɗora katakon Kanada a ƙarfen Ingila, sauran masana za su gane, su kuma faɗa maka ba kunya. Akwai ma gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu: shin a kankare tabon da ke jikin katako ta yi ƙyalli, ko a bar shi tunda tabon nan shi ne shaidar inda ta je? Ni dai ina tare da masu cewa a bari. Tsohuwar bindigar da aka goge har ta zama kamar sabon kujeru ta rasa rabin labarinta.

Kuma fa ba a sake suke yi ba. A Amurka akwai lasisi na musamman na masu tara tsofaffin makamai, wanda ya shafi bindigar da ta haura shekara 50. Akwai wata hukuma a Anniston ta jihar Alabama da ke sayar wa 'yan ƙasa tsofaffin bindigogin soja ƙirar M1 Garand, amma sai ka cika sharuɗɗa an binciki tarihinka. A Ingila kuwa da yawa daga masu tarawa bindigar da aka kashe suke ajiyewa, wato wadda aka toshe aka lalata ta yadda ba za ta sake tashi ba, hukumar gwajin bindigogi ta London ko ta Birmingham ta buga mata tambari ta ba da takarda. Ko masu harbawa da tasu, sai gwanin gyara ya auna ta, domin ƙarfen da ya shekara tamanin aka haɗa shi da sassan da ba tare aka ƙera su ba yana iya fashewa a fuskar mai shi.

Mu dawo gida. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi kashi-kashi. A kashin farko, na waɗanda aka haramta, an ambaci bindigogin soja da girman harsashinsu, .303 tana ciki da sunanta. Ba mai riƙe irin wannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Dokar ba ta ce idan ta tsufa ta fita daga lissafi ba. Ƙerawa da haɗawa da gyarawa ma ba a yarda kowa ya yi a gida ba. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Saboda haka ƙanena, idan ka tsinci ƙarfen bindiga a kayan marigayi kakanka, ka ɗauka wai za ka kai wa maƙeri ya yi mata ƙota don tarihi, wallahi ranar da aka tare ka a shingen bincike ba wanda zai saurari zancen tarihi. Da kai da maƙerin za a tafi.

Ban kuma ga laifin dokar ba a halin da muke ciki. Wanda yake da ɗan'uwa a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari ya san abin da bindiga ɗaya take yi wa ƙauye. Na san akwai masu cewa a bar kowa ya riƙe, har gwamnan Zamfara na lokacin ya ce a 2022 jama'a su nemi lasisi su kare kansu. Wannan wata muhawara ce daban, ba ita na zo yi yau ba. Abin da na sani a matsayina na ma'aikacin gwamnati shi ne, duk wancan tsari na ƙasashen waje a kan rajista yake tsaye, mu kuwa rajista ce babbar matsalarmu. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce bindigogi 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ƙasar da ba ta iya lissafa abin da ke cikin rumbunta ba, ta yaya za ta bi sawun abin da ke ɗakunan mutane da sunan sha'awa?

Amma akwai inda zancen yake ci mini rai. Wannan bindiga da Bature yake lallaɓawa da man katako a garejinsa, tarihinmu ne mu ma. Rundunar sojan Najeriya ta samo asali ne daga dakarun Glover na 1863, waɗanda aka fi sani da Hausawan Glover. Shekaru da yawa Hausa ce harshen bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi dubun-dubatar 'yan Afirka ta Yamma, mafi yawansu 'yan Najeriya, aka kai su Burma a runduna ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japan a cikin daji da ruwan sama, da wannan bindiga a hannu. Sunayen wuraren da suka yi gumurzu har yau suna nan a jikin barikokinmu. Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan. Barikin Chindit na Zariya sunan dakarun da suka kutsa bayan layin Japan ne, 'yan Najeriya kuma suna cikinsu a 1944. Don Allah ku tambayi yaranku masu digiri ko sun san daga ina waɗannan sunaye suka fito. Kullum muna wucewa ta gabansu a Keke Napep.

Ba kuma duka labarin ne mai daɗi ba. Bindigar Ingila ce aka ci Kano da Sakkwato da ita a 1903, da ita aka murƙushe Satiru a 1906, yawancin masu riƙe da ita kuma 'yan ƙasa ne. 'Yan sandan mulkin mallaka sun harbe ma'aikatan kwal 21 a Iva Valley ta Enugu a 1949. Wannan ma dalili ne na ajiyewa. Yaro ya ga ƙarfen da idonsa, a faɗa masa abin da aka yi da shi, mai kyau da marar kyau.

Mazan jiyan Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Abin da ya rage shi ne lambobin yabo a cikin tsofaffin akwatuna, da takardun sallama da gara take ci, da bindigogin da ke jibge a rumbunan gwamnati ko cikin waɗanda ake ƙwacewa. Cibiyar da ke yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, tana tara makamai tana lalatawa a bainar jama'a. Aiki ne mai kyau, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Roƙona ɗaya ne: kafin a sa wuta, a tace.

A aikin gwamnati ko tsohuwar mota ba a gwanjonta sai kwamiti ya zauna ya duba, ya rubuta lambarta, ya sa hannu. Me zai hana a ƙara kujera ɗaya a kwamitin lalata makamai, a ba ma'aikacin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa? Ya zo ya duba, idan akwai Lee-Enfield mai tambarin shekarun yaƙi, ko bindigar toka ta aikin tsofaffin maƙeranmu, a ware kaɗan. A miƙa wa masana'antar DICON ta Kaduna, wadda take wannan sana'a tun 1964, ta kashe su yadda ba za su sake tashi ba har abada, a buga tambari, a rubuta a rajista, sannan a raba wa gidajen tarihi. Sauran a ƙone. Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia yana nan, amma ƙarfinsa a kan yaƙin basasa yake, kuma ɗalibin Gusau ko Azare yaushe zai je Umuahia? Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna sun fi kusa da jikokin mutanen da suka je Burma.

Na san abin da za a ce: ana sace mutane a hanya kai kana zancen gidan tarihi. Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗauki kobo daga kuɗin tsaro ba. Wannan aikin takarda ne da sa hannu. Wani kuma zai ce idan aka buɗe wannan ƙofa, da sunan tarihi za a riƙa zare masu rai ana fitarwa ta baya. Wannan tsoron ya fi na farko nauyi, na yarda. Shi ya sa na ce a kashe bindigar tun tana hannun soja, kafin ta ƙetare ƙofar rumbu, kuma a tsaya kan ƙirar da ta riga 1960.

Masu sha'awar gyara kuwa, ga aiki nan jibge wanda ba ya kai mutum kurkuku. Ku nemo lambobin yabon kakanninku da hotunansu da takardun sallama, ku ɗauki hotonsu, ku rubuta sunan bataliya da garin da aka ɗauke su. Idan akwai tsohuwar da ta rage a gida wadda ta ga dawowarsu, ku kunna waya ku naɗi muryarta. Wanda yake da irin waɗannan kaya a gidansu ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina so mu tattara abin da ya samu kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Takardu da hotuna kawai fa. Idan ƙarfe ne, ofishin 'yan sanda mafi kusa za ka kai, ka tafi da mai unguwa, ka kuma karɓi takardar shaida.